Jar Gitar Kakan Felicity

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Ni Yamusa na zama kaka. Bari in sake rubutawa in gani da idona: ni Yamusa mai injin niƙa na Jikwoyi na zama kaka. Jiya da rana 'yata Rita ta sauka lafiya, mace, bayan shekara takwas muna addu'a mutane suna yi mana kallon tausayi. Yau ba zan tada injin ba. Duk mai masara ta kai wa wani.

Mijinta Godfrey ya durƙusa a asibiti ya faɗa mini sunan da za su sa mata. Sau biyu ya faɗa ban kama ba, yaran yanzu ba sa buɗe baki idan suna magana. Sai ya rubuta mini a bayan takardar magani: Felicity. Da kaina na karanta. Allah ya saka wa Malama Linda, wadda ta kama hannuna a ajin yamma ina da shekara hamsin da biyu. Ita ce ta ce mutum ya riƙa rubuta rana da lokaci, don gobe kada wani ya musa masa. Wannan ragowar littafin ajin ne.

Za a kai yarinya coci a miƙa ta ga Ubangiji ran Lahadi, sha bakwai ga Agusta. Na yi wa Allah alkawari a ranar ni zan kaɗa mata waƙa da gitata. Har na samu baiti biyu a kan hanyar dawowa.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Rita ta zo gida wankan jego. Uwarta Rosemary ta hana kowa sakat, ko tari mutum ya yi sai ta harare shi. Yarinyar hancina ta ɗauko, ko da yake Rosemary ta ce Allah ya kiyaye. Ga ta da haƙuri, har yau ban ji kukanta ba. Na faɗa wa Rita haka, ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Baba, kai dai ka ji daɗinka."

Na ɗauko gitar na goge. Ja ce, ta lantarki, mai araha. Ta hannu na saya a Nyanya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ita nake kaɗawa a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Tun bara muryarta ta dishe. Manyan tsirkiyoyi huɗu suna magana, ƙananan biyun nan kuwa kamar an toshe musu baki da tsumma. Ba zan tsaya gaban jama'a ranar jikata da wannan ba.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai wa Godfrey. Shagonsa yana bakin titi, gyaran rediyo yake yi da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa gita murya. Shi ma yana kaɗa gita, yana da wata baƙa mai kyau a rataye a bango, ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta.

Ya jona tawa ya kaɗa, ya sake kaɗawa. Ya ce, kansa a ƙasa kamar kullum, sai da na ce ya maimaita: "Baba, lafiyarta ƙalau fa."

Na ce ni na haife ta ko shi? Shekara goma sha ɗaya tana cinyata.

Ya ɗago ya dube ni wani irin kallo, ya sake sunkuyawa. Ya ce to mu fara da sabbin tsirkiyoyi. Ya sa. Ya ce ta canja. Ni ban ji ta canja ba.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

Yau koyon waƙa. Muna tsakiyar baiti Leonard, shugaban mawaƙa, ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Yamusa, ƙaramar tsirkiyarka ta tafi Zuba sarin lemo, mu jira ta dawo." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma ni na ɗaure ta da hannuna kafin mu fara. Ashe makullan ɗaurin nan na kan gitar sun saki, suna warwarewa da kansu. Gobe Godfrey zai sa sabbi.

Leonard ya yarda da waƙar Felicity. Ya ce bayan wa'azi za a ba ni fili.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Makullai sun shiga, murya ba ta dawo ba. Wani mai kaɗa wa ƙungiya a Karshi ya ce mini ciwon irin waɗannan gitoci masu araha yana cikin fikof, wato maganaɗisun nan uku da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sauti. Na shiga mota na je cikin gari na sayo uku sabbi ful a kwali, da wayoyinsu ja da fari.

Kafin in kai wa Godfrey na juya kowanne na ɗiga masa shuɗin fenti, ɗigo uku a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ba zargi nake yi ba. Shekara talatin da ɗaya ina kan injin niƙa, duk matar da ta san kanta tana yi wa kwanonta alama, ko da a wurin ƙaninta take niƙa. Al'ada ce ta hannu.

Da na dawo na samu Felicity ta buɗe ido. Na rera mata baitin farko. Rosemary ta fito da gudu ta ce zan fasa wa yarinya kai. A hankali fa nake yi.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Aikin da Godfrey ya ce na awa biyu ne ya ci kwana biyu.

Na karɓo yau. Manyan tsirkiyoyi yanzu kamar aradu, har teburinsa yana rawa. Ƙananan suna nan yadda suke. Na ce masa ban ji su ba. Ya tsaya yana murza waya a yatsa.

Abu ɗaya na lura: baƙar gitarsa ba ta bango. Tana cikin jaka, an tura ta ƙarƙashin tebur. Na tambaya, ya ce saboda ƙura. Ƙura a tsakiyar damina?

Ba zargi nake yi ba. Na rubuta ne kawai.

Lahadi, 20 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Sau uku Leonard ya zo ya rage mini amfilifaya ana cikin sujada. Ina ƙarawa yana ragewa. Matan layin gaba biyu sun koma baya. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa yi mini haka ba.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Akwai gyare a ɗakin nan, kwana da kwanaki yana tsuwa. Na ɗaga katifa, na jawo akwati, ban gan shi ba. Rosemary ta ce ita ba ta jin komai.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na duba wayata na ga kira bakwai da ban ɗauka ba, alhali tana aljihuna. Sai na tuna ita ma Godfrey ne ya buɗe ta a watan Afrilu. Tun daga nan ba ta ƙara da kyau.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na dawo daga injin na same su a rumfa, Rosemary da Rita da Godfrey, bakuna suna motsi. Na tsaya a bakin ƙofa na daɗe, ban tsinci kalma ɗaya ba. Da suka gan ni suka yi shiru, Godfrey ya sauka daga kujera ya gaishe ni.

Bayan ya tafi na ce wa Rosemary, me ake ƙullawa a gidana da sai an yi ƙasa-ƙasa?

Ta ce, "Baban Rita, ba ƙasa-ƙasa muke yi ba."

Na ce to me kuke cewa?

Ta buɗe baki, ta dubi Rita, Rita ta girgiza mata kai. Ta ce, "Maganar abincin ranar ce."

Maganar abinci ake girgiza wa kai?

Na ɗauki Felicity na zagaya da ita tsakar gida. Ta kama babban yatsana ta ƙi saki. Duk gidan nan ita kaɗai ce ba ta ɓoye mini komai.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Na rufe ƙofa, na sassauta tsirkiyoyi, na kwance murfin gitar da sukurdireba. Na jera kusoshin a faranti don kada su ɓace.

Babu ɗigo. Na juya na farko, babu. Na biyu, babu. Na uku na kai shi bakin taga na duba da tabarau, babu. Wayoyin ma ba ja da fari ba ne, waɗansu ne naɗe da baƙin zare, da gani sun sha aiki. Ba nawa ba ne.

Sabbi na ba shi, tsofaffi ya sa mini. Ga tasa a jaka ƙarƙashin tebur.

Na zauna a bakin gado. Yaron da na ba 'yata ban tsawwala masa ba. Yaron da ke cin tuwo a kwanona. Da ya roƙe ni da na ba shi, wallahi da na ba shi. Na mayar da kusoshin, ɗaya ya rage a faranti, na rasa raminsa.

Suruki ba a tare shi da irin wannan magana ido da ido. Gobe zan nemi shawarar Leonard a asirce.

Lahadi, 27 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Ba zan rubuta abin da ya faru a harabar coci ba.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Rita ta haɗa kayanta. Saura kwana goma sha takwas ta cika arba'in, amma ta kira mai keke ta koma gidan mijinta. Ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ya kamata, ba ta dube ni ba. Na miƙa hannu in karɓi yarinya, ta ce tana barci.

Rosemary ta ajiye mini koko ta juya ta fita.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta, don gobe kada a musa mini.

Bayan an tashi sujada na ja Leonard gefe, can gindin mangwaro, nesa da mutane. Na matsa kusa da kunnensa na faɗa masa a hankali cewa surukina ya cire sabbin fikof ɗina ya sa a gitarsa, ya cusa mini tsofaffi. Na ce ina da shaida. Leonard yana ta ja mini riga yana ɗaga mini gira, na ɗauka mamaki yake yi, sai na ƙara masa bayanin wayata.

Da na waiga, duk harabar ni take kallo. Matan zumunta sun tsaya da kujeru a hannu. Rita tana bakin ƙofar coci, nisan da ya kai daga injina zuwa titi, ta rufe baki da gyale. Godfrey yana gefenta riƙe da lema a kan yarinya. Ya miƙa wa Rita lemar, ya rusuna mini daga can, ya fita.

Yaya aka yi suka ji? A hankali na yi. Na san a hankali na yi.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Leonard ya zo gida. Ya sha ruwa, ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar hanya, sannan ya ce dattawa suna ganin gara in huta ran sha bakwai. Ya ce, "Baba, ba zai yi kyau ba ka tsaya kana yi wa yarinya waƙa, ubanta yana zaune da sunan ɓarawo a kansa."

Na ce ni ban ce ɓarawo ba.

Ya ce, "Ka ce, Baba. Har masu sayar da masara a waje sun ji."

Na ce alkawari na yi wa Allah. Ya ce Allah ya san hanyar gidan Godfrey, ni ma na sani.

To ni aka cuta, ni kuma za a hana. Baiti huɗu na gama. Wa zan rera wa?

Jumma'a, 1 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Rosemary ta ce tun da aka tafi da yarinya sai yanzu take samun barci, amma gara kukan. Wane kuka?

Asabar, 2 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Halimat mai ƙosai ta kawo markaɗen wake. Shekara ashirin tana kawo mini, bakinta ba shi da linzami. Na kashe injin ina ɗaure bel, sai na ji an dangwale ni da ludayi a kafaɗa.

Ta ce, "Oga Yamusa, sau huɗu ina sallama a bayanka! Ko sai na zo da ganga?"

Na ce ƙarar injin ce.

Ta ce, "Wane injin? A kashe yake, tsoho!"

Na ce ta riƙa buɗe baki.

Ta zagayo gabana ta riƙe ƙugu. Ta ce duk layin nan an sani, 'yan gidana ne kawai suke jin nauyina. Ta ce mijin yayarta ma a injin ya tsufa, haka ya ƙare. Sannan ta faɗi wata kalma. Ba zan rubuta ta ba. Mace mai sayar da ƙosai ba likita ba ce.

Kuma ko da a ce haka ne, ina ɗigona uku? Ido ne ya gani, ba wani abu ba.

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Na je shagon da gitar a kafaɗa. Na ce yau a yi ta ta ƙare.

Ya taso ya ba ni kujera. Ya rame. Na ce, "Godfrey, ɗauko jakar nan ka buɗe."

Ya tsaya. Na ce ya buɗe. Ya jawo ta, ya zuge.

Baƙar gitar ce, amma cikinta ramuka uku ne a buɗe, wayoyi suna leƙowa kamar hanjin kaza. Babu fikof ko ɗaya a jikinta.

Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da gwangwanin madara. Nawa ne a ciki, ukun, naɗe da takarda. Na juya su. Ɗigo uku, ɗigo uku, ɗigo uku.

Ya yi magana kansa a ƙasa. Na ce ban ji ba. Ya sake. Na ce ban ji ba. Sai ya ɗauki biro ya rubuta a bayan kwali, na kawo kwalin gida, ga abin da ya ce: "Na gwada naka, ba su da ƙarfi sosai. Nawa sun fi fitar da ƙananan tsirkiyoyi. Na ce ko za ka ji su."

Na ce me ya hana ka faɗa mini?

Ya rubuta: "Baba, da wane baki?"

Ban yarda ba tukuna. Na ce to in nasa sun fi, don me ƙananan suke a mace? Sai ya jona gitata da wani akwati mai allura a fuska, irin wadda ke motsi idan sauti ya shiga. Ya miƙo mini. Na taɓa babbar tsirkiya, na ji ta, allura ta yi tsalle. Na taɓa ta biyu, haka. Na sauko har ƙaramar. Na taɓa. Allura ta yi tsalle har ta bugi ƙarshe.

Na sake taɓawa. Ta sake yin tsalle.

Na taɓa ta wajen sau goma. Wani kare da ke kwance a ƙofar shago ya tashi ya bar wurin. Godfrey yana durƙushe yana kallon siminti.

Ban san yadda na iso gida ba. Gitar na baro ta can.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Ban tada injin ba. Na zauna ina kallonsa.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Duk cikin mutanena Godfrey ne ba na ji ko kaɗan. Yau na gane dalili. Sauran ina kallon bakinsu ban sani ba. Shi kuwa bai taɓa yi mini magana kansa a sama ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, tun ranar da ya zo gaisuwar farko.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Rosemary ta raka ni asibiti. Wata nas mai suna Bilqis ta sa mini abu a kai, ta ce in ɗaga hannu duk sa'ad da na ji ƙara. Ban ɗaga da yawa ba. Ta tambayi aikina, na faɗa, ta gyaɗa kai. Ta ce gyaren nan ba a ɗakina yake ba, a kunnena yake. Akwai abin da ake maƙalawa a kunne don ƙara ji, za mu koma a ƙarshen wata, amma ta ce kada in sa rai komai zai dawo.

A mota na ce wa Rosemary tun yaushe kuka sani? Ta juyo da fuskarta sosai ta ce, "Tun Kirsimetin bara waccan." Na ce shi ne kuka bar ni ina canja tsirkiya? Ta ce, "Kai ana faɗa maka magana?"

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Abin da aka ɓata a fili ba a gyara shi a ɗaki.

Bayan sujada na je gindin mangwaron na tsaya. Na ce wa Leonard ya kira mini Godfrey. Ya zo zai durƙusa, na riƙe shi. Na ce, "Jama'a, tunda an ce muryata tana kaiwa titi, to ta kai." Na faɗi abin da na samu a jakar da abin da na samu a gwangwanin. Na ce yaron nan ya farke gitarsa ya sa a tawa, ni kuma na saka masa da abin da kuka ji. Na cire hulata na ce ya yafe mini.

Ya kama hannuna yana ƙoƙarin mayar mini da hular, yana magana, ban san me ya ce ba. Wata daga matan zumunta ta fara guɗa, wannan kam na gani a bakinta. Rita ba ta matso ba. Amma da za su tafi ta aiko uwarta da yarinya, na riƙe ta har mai keke ya gaji da jira. Ta yi nauyi. Kwana goma sha uku na yi asararsu, ni na jawo.

Leonard ya ce zai yi magana da dattawa. Ya ce amma akwai sauran matsala, in ba na jin ganga yaya zan bi ƙungiya? Na ce ban sani ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Na ce wa Godfrey ya cire nasa ya mayar. Ya ƙi. Masu ɗigon ya sa a baƙar gitarsa, ya ce za su yi.

Ga dabarar da ya kawo. Shi zai ɗaure mini tsirkiyoyi, ni kada in taɓa makulli. Ya liƙe maɓallin ƙara da salatif don kada hannuna ya je can. Zai tsaya a gefena na dama da gitarsa, yana buga ƙafa, ni in bi takalminsa da ido. Mun gwada sau shida a shago. Yatsuna sun san hanya, shekara goma sha ɗaya ba wasa ba. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke fita.

Dattawa sun yarda. Ko don tausayi ne? Ban tambaya ba.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Rosemary ta goge mini babbar riga. Ina jin tsoro.

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

An miƙa Felicity ga Ubangiji. Fasto ya ɗaga ta sama cikin farar riga, ni Yamusa ina gani.

Bayan wa'azi aka kira ni. Na tsaya, na sa ido a kan takalmin Godfrey, baƙi ne ya sha gogewa. Ya buga huɗu, na shiga. Manyan tsirkiyoyi ina jin su a cikina. Da na sauko kan ƙananan sai na zama kamar mai tafiya a ruwa bai ga ƙasa ba, ina dai taka inda na saba. A baiti na uku na ɗaga kai na dubi Rita, tana rera amshi tana jijjiga yarinya. Na manta da takalmi na ɗan lokaci, sannan na koma. Na kai baiti huɗu. Na cika alkawari.

A waje kowa ya zo yana riƙe mini hannu. Leonard ya ce ba a taɓa yi kamar yau ba. Fasto ya ce ya ji har ransa. Rosemary ta ce ya yi daɗi. Ban yarda da ko ɗayansu ba. Waɗannan su ne mutanen da suka yi shekara ɗaya da rabi suna ce mini lafiya ƙalau.

Aka dawo gida cin abinci. Na samu Godfrey a bayan rumfa yana naɗe waya. Na ce, "Kai nake so ka faɗa mini. Yaya ta fita?"

Ya fara sunkuyawa. Na sa hannu na ɗago haɓarsa. Na ce daga yau in zai yi mini magana ya dube ni, ya buɗe murya, ko da mutane za su ce ba shi da kunya.

Ya waiga ya ga ko surukarsa tana kusa. Sannan ya dube ni cikin ido, ya ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta fito:

"Baba, baiti na ɗaya da na biyu sun yi kyau! Na uku ka gudu ka bar mu, sai da mai ganga ya bi ka a guje!"

Na ce na huɗu fa?

"Na huɗu mun kamo ka!"

Rita ta leƙo da ludayi a hannu tana tambayar wa ke yi wa babanta ihu. Na ce mijinki ne, ki ƙara masa nama.